Yawon Sallah a Ikko: Magana da Macen da Za Ta Fita Ita Kaɗai

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Ina gaida mutanen Zangon Agege da na Abbatuwa, da Idi-Araba, da Mile 12, da Obalende, da Alaba Rago, da duk inda muryar nan ta kai. Iyayenmu mata da ke kan tukunya yanzu haka, sannunku da aiki. A ɗan ƙara murya, a kira 'yan matan gidan su matso kusa, domin yau maganar tasu ce.

Sallah ta ƙarato, kuma kowa ya san yadda garin nan yake zama daga ranar idi zuwa kwana uku bayanta. Wuraren wasa da shaƙatawa cika suke yi maƙil. Wasu su nufi Hi-Impact Planet da ke Ibafo a kan hanyar Ibadan, wasu su tafi wurin wasan Apapa, wasu su miƙa hanyar Lekki zuwa Epe, inda Giwa Gardens yake a Sangotedo, Omu Resort kuma a Bogije. Wasu bakin teku kawai suke so su je su sha iska. A cikin wannan taro akwai macen da ta fito ita kaɗai, ko ita da ƙananan yaran da ita ce babba a cikinsu. Da ita nake son yin magana, da kuma mutanen gidansu.

Na san tun yanzu wani ya ce a ransa, to me zai fitar da mace ita kaɗai? Malam, hukuncin tafiyar mace da muharrami fage ne na malamai, kuma ga su nan birjik a Agege, daga makarantar Markaz har zaurukan unguwa. A je a tambaye su. Ni abin da ke gabana shi ne abin da ido ke gani. Akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, sun daɗe suna roƙonta ta kai su lilo kamar 'ya'yan maƙwabta. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta samu hutun yini guda bayan ta kwana tana aiki. Akwai ɗaliba da ƙawayenta suka ce a haɗu a can, kowacce ta taho daga unguwarsu. Akwai matar direban tirela da Sallah ta riski maigidanta a hanya tsakanin Apapa da Kano. Waɗannan za su fita, ko mun yi maganar ko ba mu yi ba, don haka gara mu yi ta.

'Yar'uwa, idan kin manta duk abin da zan faɗa a yau, ki riƙe wannan: macen da ta fi kowa shiga haɗari a garin nan ita ce wadda babu wanda ya san inda take.

A watan Yulin 2012, wata ɗaliba da ke karatun digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa, mai ɗan shagonta na sayar da tufafi, ta sauka a filin jirgin saman Legas. Waɗanda suka tarbe ta a Facebook ta san su. Sun daɗe suna hira, ta saki jiki da su, suka ce za su haɗa ta da kaya masu rahusa. Suka kai ta wani otal a Festac, suka zuba mata ƙwayar sa barci a cikin abin sha, suka kwashe abin da ta zo da shi, suka kashe ta. Iyayenta sun yi makonni suna nema, gawarta na ajiye a ɗakin ajiye gawa ba a san ko wace ce ba. Sai a watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Shekaru sun ja, amma dabarar ba ta sauya ba. Yau ma a waya ake fara ta. Wani ya ce miki, ki zo kawai, na saya mana tikitin shiga, na kama ɗaki a wurin, amma kada ki gaya wa kowa, kin san halin mutanenmu da surutu. Duk wanda ya sa miki sharaɗin kada ki gaya wa kowa, ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. Mutumin kirki ba ya tsoron a san yana tare da ke.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, kuma da yawanku kun tuna shi. Ranar Asabar, 26 ga Fabrairun 2022, wata budurwa mai ɗinki, 'yar shekara 22, ta hau motar BRT da yamma a tashar Chevron da ke hanyar Lekki, za ta Oshodi. Wannan ita ce hanyar da duk wadda ta je wasa a Lekki ko Ajah za ta biyo idan za ta dawo Agege. Da ta lura motar ba kowa, direba ba ya ɗaukar fasinja, hankalinta bai kwanta ba, sai ta dinga tura wa ƙawarta saƙon murya, ta haɗa da lambar motar. Bayan kwanaki aka tsinci gawarta a wajen gadar Carter. Lambar nan da ta tura ita ta kai ga direban, aka kamo shi a Jihar Ogun. A wajen shari'a aka ji cewa akwai wasu matan da ya taɓa cutarwa kafin ita. Ranar 2 ga Mayun 2025 Babbar Kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Babu laifin ko ɗaya daga cikinsu. Laifi na azzalumai ne. Amma ki duba abin da yarinyar nan ta yi a cikin tsoro: ta bar sawu. Saƙonta bai ceci ranta ba, gaskiya ɗaya ce, sai dai shi ya hana azzalumin sake ɗaukar wata. Abin da ya rage mana mu koya shi ne yadda saƙo irin wannan zai isa da wuri, kuma ga wanda ya san abin yi idan ya same shi.

Saboda haka kafin ki sa ƙafa waje, ki zaɓi mutum guda, babba, wanda wayarsa ba ta rabuwa da hannunsa. Ki gaya masa sunan wurin da za ki, da hanyar da za ki bi, da wanda za ki haɗu da shi idan akwai, da lokacin da kike sa ran dawowa. Ki kunna masa nuna inda kike a WhatsApp. Akwai zaɓin minti 15, da awa 1, da awa 8. Na awa 8 za ki danna. Duk motar da kika shiga, ki ɗauki hoton lambarta ki tura. Sannan ku yi yarjejeniya a kan wata kalma da babu wanda zai gane ta sai ku biyu. Misali, idan kika kira kika ce, Yaya, a cire min wake daga wuta, alhali babu waken da aka ɗora, to ya san kina cikin matsala. Ba zai tsaya tambayar wane wake ba. Zai kira 112 nan take, ya ba da lambar motar da inda wayarki ta nuna, sannan ya dinga kiranki ba ƙaƙƙautawa.

Yanzu bari in juyo gare ku, Baba, Inna, Yaya, da maigida. Me ya sa yarinya take ɓoye inda za ta? Sau da yawa ba don tana da wata mugunyar manufa ba ne. Ta san idan ta faɗa, faɗa za ta sha, a kira ta mara kamun kai, a hana ta, a kuma yi ta goranta mata har wata Sallar. Sai ta ce za ta gidan Anti a Idi-Araba, alhali Ajah ta nufa. Ranar da wani abu ya faru, ku kuna can kuna nema a Idi-Araba, awanni suna wucewa. Ina roƙonku don girman Allah, ku zama mutanen da za a iya kira ƙarfe tara na dare a ce, Baba, na maƙale a Berger, ba mota, ina jin tsoro, ku kuma ku ce ki tsaya inda haske yake, ga mu nan zuwa. Faɗan ya jira gobe. Idan kun ga tafiyar ba ta dace ba, ku faɗi dalili, ko ku haɗa ta da ɗan rakiya, ko ku shirya a tafi gaba ɗaya. Tsawa ba ta hana fita. Abin da take hanawa shi ne gaskiya.

(Ɗan kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan tsaron macen da za ta wurin shaƙatawa ita kaɗai a lokacin bukukuwan Sallah.

Mu zo kan hanya, domin a ganina nan ne kaso mafi girma na haɗarin yake. Cikin wurin wasa akwai masu gadi, akwai jama'a, akwai haske. Tsakanin ƙofar wurin da ƙofar gidanku kuwa ke ce da Allahnki.

Tafiya da safe ba ta cika ba da wahala ba. Daga Agege yanzu akwai jirgin ƙasa na jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya tsaya a Oyingbo. Da katin Cowry ake shiga, shi ne kuma na BRT. Ki sa masa kuɗi tun kafin ranar, kuma ki tambaya a tasha ko jirgin zai yi aiki ranar hutun da ƙarfe nawa na ƙarshe zai tashi. Inda ake samun matsala shi ne dawowa. Yara sun ƙi fitowa daga ruwa, ana ta hoto, ana cewa bari a ƙara hawa ɗaya, kan ki ankara an kira magariba. Dubban mutane sun fito a lokaci guda, mota ta yi wuya, kuɗin mota ya ninka, cajin waya ya kusa ƙarewa, ƙafa ta gaji. A irin wannan lokacin ne mutum yake shiga motar da da rana ba zai ko kalle ta ba.

Don haka ki lissafa tafiyarki daga baya. Ki fara da tambayar ƙarfe nawa nake so in kasance a gida, sannan ki cire awannin hanya. Wadda ta je Bogije ko Sangotedo, sai ta ratso Ajah, ta ratso Lekki, ta hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, kafin ma ta ga Oshodi. A ranar biki wannan tafiya tana iya cin awa uku ko fiye. Ki yi la'asar a can, ki kama hanya. Wadda ta je Ibafo kuma ta sani ta bar Jihar Legas ta shiga Ogun. Dawowarta sai ta bi ta doguwar gadar nan da ke kafin Kara da Berger, wadda duk mai bin hanyar ya san yadda cunkoso ke tsayar da motoci a kanta, kuma ɓata-gari sun sha amfani da wannan tsayuwar da dare. Ga kuma manyan filayen ibada na majami'u da ke kan hanyar. Daren Juma'ar farko ta kowane wata hanyar cushewa take yi saboda taron masu ibada. A duba kalanda kafin a sa rana.

Sai maganar 'yan wan-cans. Bari in kwatanta miki yadda abin yake, don ki gane shi tun daga nesa. Kina tsaye a bakin titi, ba cikin tasha ba. Mota ta tsaya a gabanki, danfo ko korofe ko ƙaramar mota, kwandasta yana kiran daidai inda za ki, kuma kuɗin da ya faɗa ya yi araha fiye da na kowa. A ciki akwai mutum huɗu ko biyar, har da mace guda, wataƙila ma da mayafinta, don ki saki jiki. Ba sa magana da juna. Kujera ɗaya ce ta rage, kuma a tsakiya take. Wani zai sauko ya ce ki shige ciki, shi ya kusa sauka. Da kin zauna an rufe ki ta kowane gefe. Gilasai a ɗage, wani lokaci masu duhu. Daga nan sai a karɓi waya, a tilasta ki buɗe manhajar banki, a fito da na'urar POS, a yashe asusun, sannan a jefar da ke a inda suka ga dama, wani lokaci motar ma ba ta tsaya ba.

Maganinsa shi ne ki taka zuwa cikin tasha, inda mota ke layi, ana lodi a gaban kowa, 'yan ƙungiya sun san direba. Ƙarin kuɗin da za ki biya da jiran da za ki yi ba su kai ranki ba. Idan kin leƙa mota zuciyarki ta ƙi, ki ja da baya, ba sai kin ba kowa dalili ba. Idan babbar mota ce kika ga ke kaɗai ce a ciki da dare, ki sauka tun tana tasha. Kunya ta sa mata da yawa sun zauna a inda jikinsu ya gaya musu su tashi, suna gudun kada a ce sun zargi bawan Allah. Ki zarge shi a ranki, ki sauka, idan mutumin kirki ne babu abin da ya rage shi.

Idan kuma motar waya za ki kira, Uber ko Bolt ko inDrive ko LagRide, ki tsaya daga cikin ƙofar wurin har ta iso. Ki duba lamba, ki duba fuskar direba da hoton da ke wayarki. Idan ya ce waccan motar ta lalace shi ya sa ya zo da wata, ki soke. Idan ya ce ki kashe tafiyar a manhaja ku yi ciniki a baki zai rage miki, kada ki yarda, domin da kin kashe babu sauran wanda ke ganin inda kuka bi. Ki zauna a baya, ki tura wa mutuminki tafiyar.

Acaba kuwa, ki sani tun 1 ga Yunin 2022 gwamnati ta haramta shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Somolu da Kosofe. Dokar ta haɗa da fasinja. Lekki a cikin Eti-Osa take. Abin da kika saba yi a lungunan Agege, a can yana iya kai ki ofishin 'yan sanda.

Game da kuɗi, kalma biyu. Kada ki fita da katin da jarinki ke ciki. Ki tafi da wanda kika zuba wa kuɗin yinin kawai, ki rage iyakar abin da za a iya turawa daga wayarki a rana. Kuɗin motar dawowa kuma ki ware shi daban, a jikinki, ba cikin jaka ba. Ki rubuta lambar mutum biyu a takarda ki haɗa da shi, domin yawancinmu idan waya ta tafi ko lambar mahaifiyarmu ba za mu iya kawowa ba. Tikitin da aka tallata a Instagram da rabin kuɗi, aka ce ki tura wa asusun wani mutum mai suna daban da na wurin, ki bar shi. Ki saya a ƙofa ko a shafin wurin na ainihi.

(Ɗan kiɗa)

To, kin isa lafiya. Akwai wani haɗari a cikin wurin wasa da ya shafe mu mu masu lulluɓi fiye da kowa, kuma ba a cika faɗarsa ba. Shi ne bakin mayafi da dogon hijabi. A shekarar 2010 a ƙasar Ostireliya wata mata ta rasu a gaban iyalinta, bayan gefen ɗankwalinta ya naɗe a ƙafar ƙaramar motar tseren nan ta wasa, ya shaƙe ta. Motocin nan ƙasa-ƙasa suke, injin da sandar da ke juya tayoyin suna bayan kujera daf da wuyan mai tuƙi. Iska na kaɗa mayafi baya, ƙarfe ya kama, kuma ba ya saki. Haka lilon da ke juyawa, haka matakalar lantarki. Ba na ce ki cire suturarki ba. Ranar wasa ki sa ƙaramin hijabi mai shiga cikin riga, ki tura duk wani baki da ke reto ciki, ki tattare abaya kafin a ja miki ƙarfen kariya. Idan an ja ƙarfen, ki girgiza shi da hannunki ki ji ya kama. Idan bai kama ba ki ɗaga murya tun ba a kunna ba. Yaron da ke kula da injin a ranar Sallah ya ɗaure ɗaruruwan mutane tun safe, gajiya na iya sa ya tsallake ki. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, su bar masu juyi da tsalle. Ma'aunin tsawon yaro da aka kafa a bakin layi ma ba don ado aka sa shi ba. Kada ki roƙi a yi miki alfarma a kan ɗanki.

Da kin shiga, ki nuna wa yara wuri guda da za a haɗu idan an rabu, ki sa wa kowanne takarda mai lambarki a aljihu. Ki gano inda ofishin masu tsaro yake. Ki kuma gano wurin alwala da salla tun da rana, saboda a wurare da yawa can baya ake kai su, bayan gine-gine, inda ƙafa ke ɗaukewa idan duhu ya fara. Ki jira wasu mata ku tafi tare. Idan za ki ta da salla, jaka a gabanki, igiyarta a ƙarƙashin gwiwa.

Abin sha, ki saya da kanki, a buɗe a gabanki. Wanda kika ajiye kika je hoto kika dawo, ya zama na shara. Ƙwayoyin da ake zubawa ba lallai ki ji ɗanɗanonsu ba, kuma cikin ƙasa da rabin awa suke fara aiki: jiri, nauyin harshe, ƙafa ta ƙi ɗaukarki. Idan kin ji haka kada ki nufi banɗaki ke kaɗai, kada kuma ki bi wanda ya ce zo in kai ki ki huta. Ki nufi mace ma'aikaciya ko wata uwa da ke zaune da iyalinta, ki kama hannunta ki ce, Mama, ki taimake ni, an sa min wani abu. Wanda ya dame ki da tambayar ke kaɗai kika zo, amsarsa ita ce 'yan gidanmu suna nan. Wanda ya taɓa ki a cikin turmutsutsu, ki juyo ki yi magana da ƙarfi, da Hausa ko Yarbanci ko Turancin buroka, duk wanda ya zo bakinki. Irin waɗannan mutane da shirunki suke dogara.

Teku kuma, 'yan'uwa, ba kogin garinmu ba ne. Tekun Legas yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, tana kwashe yashin da kike tsaye a kai. A watan Agustan 2012, ana jajibirin ƙaramar Sallah, ruwa ya yi toroƙo a bakin tekun Kuramo ya tafi da mutane fiye da 10. Doguwar riga idan ta jiƙe nauyinta ninkuwa yake, ta naɗe ƙafa. Wadda ba ta iya ruwa ba, iyakarta idon sawu, kuma kada ta juya wa teku baya don hoto. Masu dawakin haya, ki yi ciniki kafin ki hau, ki kuma ce a zaga nan inda jama'a suke. Idan wurin da za ki sai an hau kwalekwale, kamar Tarkwa Bay, rigar ruwa dole ce, a ɗaure ta, ba a rataya ba. Ranar 8 ga Yulin 2022, daren babbar Sallah, wani jirgin ruwa ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe wajen ƙarfe 7 na yamma, lokacin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta hana tashi. Ruwa ya ja shi ƙarƙashin wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife, mutane fiye da 15 suka rasu, har da yara, kuma ba dukansu ke sanye da rigar ruwa ba. Idan rana ta faɗi ba ki tsallako ba, an riga an yi kuskure. Ki tsallako tun da haske.

Wadda za ta kwana a masaukin wurin, ta kama ɗakin da kanta, da sunanta, ta tura wa gida sunan masaukin da lambar ɗaki. Ta duba sakata da makullin taga kafin ta ajiye jaka, ta ga inda ƙofar gudun gobara take. Idan an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, ta kira teburin karɓar baƙi ta tabbatar kafin ta buɗe.

Saura magana mai nauyi, wadda ba ma son yi amma dole a yi ta. Idan ƙaddara ta faɗa, aka yi wa mace fyaɗe, awannin farko suna da tsada. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake bayarwa, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Idan za ta iya daurewa, kada ta yi wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta, sai likita ya duba, domin shaidar da za ta kama azzalumin tana nan. A nan kusa da mu, cikin asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, akwai cibiyar Mirabel da aka buɗe a 2013. Kyauta suke duba mutum, su ba da magani, su kwantar masa da hankali, cikin sirri. Dokar Jihar Legas ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe. Iyaye, na san abin da ke zuwa zuciya da farko shi ne a rufe, kada sunan gida ya ɓaci, kada ta rasa miji. Rufewar nan ita ke sa yarinya ta rasa magani a lokacinsa, shi kuma ya koma bakin titi yana jiran 'yar wani. Abin kunyar nasa ne. Ita 'yarku ce da aka zalunta, ku rungume ta ku kai ta asibiti.

Lokaci ya ƙure mana. Ki ɗauko biro, ko ki buɗe wayarki yanzu, zan faɗi lambobin a hankali. Lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, 112. A cikin Jihar Legas akwai kuma 767. Hukumar jihar mai kula da cin zarafi a gida da fyaɗe, 08000 333 333. Zan maimaita: 112, 767, sai 08000 333 333. Duka kyauta ne, ko babu kati a waya suna shiga. Ki ajiye su, ki sa wa ƙanwarki a tata wayar, kuma yau ɗin nan, kafin a kwanta, ki zaɓi wanda za ki gaya wa inda za ki ranar Sallah. Ku kuma na gida, idan ta zo ta faɗa, ku saurare ta.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya tsare mana 'ya'yanmu a fita da dawowa. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)